Michael Faraday: Yaron shagon da ya soma da sisin kwabo bakwai

Idan kana Dundaye aka ɗauke wuta, ka san abin da ke biyo baya: maƙwabci ya tada janareta, kowa ya kwaso waya da caja ya nufi shagon mai caji. Wata rana kai ma ka taɓa fasa wata matacciyar caja don ka ga cikinta, ka tarar da wani ɗan ƙulli da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. To wannan ƙulli da wancan janareta aikin mutum guda ne tushensu, kuma mutumin bai taɓa zama ajin jami'a ba.

Sunansa Michael Faraday. An haife shi ranar 22 ga Satumba 1791 a gefen birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne mai fama da rashin lafiya, gidan ba wadata. Karatunsa bai wuce na koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana shekara 14 aka ɗora shi koyon ɗinkin littattafai a shagon wani George Riebau, ya yi shekara bakwai a can. Don ka gane zamanin, a cikin waɗannan shekaru ne Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato, a 1809.

Yaron nan duk littafin da aka kawo ɗinki sai ya karanta shi. A cikin wani kundin ilmi ya ci karo da bayanin lantarki, ya tattara tsofaffin kwalabe da katako ya haɗa na'urar da ke fitar da tartsatsi. A 1812 kuma ya haɗa batir da hannunsa: sisin kwabo bakwai na jan ƙarfe, fallen tutiya bakwai, da takardu shida da ya jiƙa da ruwan gishiri ya jera a tsakani. Shi ke nan fa kayan aikin.

A shekarar ce wani abokin cinikin shagon ya ba shi tikitin sauraron laccocin Humphry Davy, babban masanin sinadarai na cibiyar Royal Institution. Nan ne, a ganina, Faraday ya sha bamban da sauran 'yan kallo. Ya rubuta abin da ya ji, ya zana kayan gwajin, ya ɗinke rubutun ya zama littafi mai shafi kusan 300, ya aika wa Davy yana neman aiki. Bai samu nan take ba. Sai da aka kori wani yaron ɗakin gwaji saboda faɗa, sannan aka ɗauke shi a Maris 1813, aikinsa wanke kwalabe da shirya kaya.

Kada ka ɗauka daga nan sai daɗi. Davy ya tafi da shi yawon ƙasashen Turai na wajen shekara ɗaya da rabi, amma matar Davy ta mai da shi bara: da barori yake cin abinci, wani lokaci a wajen keken doki yake zama. Duk wanda ya taɓa zama yaron shago ya san irin wannan haƙuri.

A Satumba 1821 ya kafa maganaɗisu a tsakiyar kofi mai zaiba, ya rataya waya ta taɓa zaibar, ya jona batir. Sai wayar ta shiga zagaya maganaɗisun ba tsayawa. Kakan motar da ke cikin fankarka ke nan. (Kar ka ce za ka gwada da zaiba, guba ce.) Ya wallafa sakamakon da sauri, sai tsegumi ya tashi wai ya saci tunanin William Wollaston, abokin Davy. Zargin bai tabbata ba, amma ya ɓata tsakaninsa da ubangidansa, har Davy ya yi adawa da shigarsa ƙungiyar masana ta Royal Society. An zaɓe shi duk da haka a 1824. Bayan nan ya kwashe shekaru ana sa shi aikin gyaran gilashin madubin hangen nesa, aikin da bai yi masa daɗi ba.

Yanzu ka natsu, ga wurin da ya shafi cajarka. Ranar 29 ga Agusta 1831, lokacin Sarkin Musulmi Bello na kan mulki a nan Sakkwato, Faraday ya ɗauki zoben ƙarfe mai faɗin kamar inci shida. Ya naɗa waya a ɓangare guda, ya naɗa wata a ɗaya ɓangaren, ya raba su da zare da ƙyalle don kada su haɗu. Naɗin farko ya jona wa batir, na biyu ya kai shi kusa da allurar maganaɗisu. Da ya jona batir sai allurar ta zabura, ta koma ta kwanta. Da ya cire, ta sake zabura zuwa ɗaya gefen. Muddin wuta na tafiya daidai ba canji, shiru kake ji.

Wani zai ce gwaji ya ƙi, tunda allura ba ta tsaya a sama ba. Shi kuwa ya rubuta daidai abin da idonsa ya gani, ya gane cewa canjin ƙarfin maganaɗisu ne ke haifar da wuta a naɗi na biyu. Shi ya sa taransifomar unguwarku take aiki da wutar da ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma shi ya sa idan ka jona taransifoma kai tsaye da batirin mota, zafi kawai za ta yi har ta ƙone. Dalilin da ya sa mai sola ke buƙatar inbata ma ke nan. Bayan makonni ya tura maganaɗisu cikin naɗin waya ya zaro, wuta ta fito. Sai ya juya faifan jan ƙarfe tsakanin bakin maganaɗisu, ya samu wuta mai ɗorewa. Janareta ta samu.

Lissafinsa mai rauni ne har ya mutu, sai daga baya James Clerk Maxwell ya zuba tunaninsa cikin lissafi. Abin da ya riƙe shi ne littafin gwaji. Yana sa wa kowane sakin layi lamba, da wanda ya yi da wanda ya ƙi, har lambobin suka haura 16,000. Ɗalibin da ke haɗa furojet a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da mai riwayin fanka a bakin titi, a cikinsu wa ke rubuta yawan naɗin da ya warware kafin ya mayar?

Da ya shahara, sau biyu ana ba shi shugabancin Royal Society yana ƙi. Lokacin yaƙin Kirimiya gwamnati ta nemi taimakonsa kan makami mai guba, ya ƙi. Abin da ya fi so shi ne laccocin yara na ƙarshen shekara da aka soma a 1825, waɗanda har yau ake yi. Da tsufa mantuwa ta kama shi, ya rasu ranar 25 ga Agusta 1867, yana da shekara 75.

Zoben nan yana nan a Landan, da ƙyallensa. In kuma ka sake fasa caja, bayan ka zare ta daga wuta ka bar ta ta huce, duba jikin ɗan gwangwanin nan da ake kira kafasita. Za ka ga lamba, sannan µF. Wannan F ɗin farad ce, daga sunansa aka ciro ta.