Tanimun: Sarkin Damagaram da ya haramta sare gawo

Idan aka ambaci Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaiman, abin da ke fara zuwa a ran mutane shi ne ganuwar Birni da igwa da dawakan yaƙi. Sai dai akwai wata doka tasa da ta fi ganuwar daɗewa a bakin manoma, wato haramcin sare itacen gawo.

Tanimun ɗa ne ga Sarki Sulaiman, wanda ya mayar da fadar Damagaram garin Zinder. Ya fara hawa gadon sarauta a 1841, amma ɗan'uwansa Ibrahim ya karɓe ta bayan shekara biyu. Ya sake dawowa a farkon shekarun 1850, kuma ya riƙe ƙasar har rasuwarsa a 1884.

A lokacin Damagaram na biyan haraji ga Borno, amma a zamaninsa ne ta yi ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. Ya kewaye birnin da ganuwa, ya tara bindigogi, ya kuma sa maƙera suna ƙera igwa a cikin garin. Ayarin fatake daga Turabulus kan ratso Sahara ta Agadas su yada zango a Zinder kafin su wuce Kano. Ana cinikin gishiri da fatu da gashin jimina, ana kuma cinikin bayi, waɗanda guminsu ne ya ɗauki babban kaso na arzikin masarautar.

Duk wannan ƙarfi a kan gero ya dogara. Ƙasar Damagaram rairayi ce, ruwan sama kaɗan ne, kuma rundunar da ba ta da rumbu da abincin dawaki ba ta iya tsare iyaka. A nan ne amfanin gawo ya fito. Itacen na zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta danne shuka, ganyen kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gona. Yana kuma rage ƙarfin iskar da ke binne shuka da yashi.

Tarihin baka ya nuna cewa a ƙarƙashin dokar Tanimun, wanda ya sare gawo hukuncinsa kisa ne, wanda ya sassare shi ba dalili kuwa a yanke masa hannu. Hukunci ne mai tsanani, amma ya nuna cewa fada na kallon itacen a matsayin dukiyar ƙasa.

Shekara 15 bayan rasuwarsa, a 1899, Faransawa suka ci Zinder. A 1926 suka ɗauke babban birnin Nijar zuwa Yamai, kuma ƙarancin ruwan sha na cikin dalilan da ake bayarwa. Dokar gandun daji ta 1935 ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, abin da ya rage wa manomi sha'awar rainon su. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, sun tarar da gonaki da yawa tsirara, dabbobi suka mutu, matasa suka tafi cirani.

Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Mirya da Magarya da Matamaye suka koma barin tohon gawo ya girma a gonakinsu, dabarar da ake kira sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Yau ganuwar Tanimun ta zube, sai ɓurɓushinta. Gawon da ya kare kuwa na nan tsaye a gonakin Damagaram, a daidai lokacin da kwararowar hamada da rikicin manoma da makiyaya ke cikin manyan barazanar tsaro a yankin Sahel.