Karl Benz: Mutumin da Ya Ƙera Mota, Ya Kuma Fara Karɓar Izinin Tuƙi

Ya ku ɗalibai, da yawa daga cikinku a ƙaramar bas kuke zuwa makaranta kullum. Wasunku kuma iyayensu suna da irin wannan mota a gida, suna ɗaukar iyali da ita zuwa biki ko ziyarar 'yan'uwa. Kun sani cewa doka ba ta yarda kowa ya tuƙa mota a kan hanya ba sai yana da lasin. To, ko kun taɓa tambayar kanku yaushe aka fara wannan doka, kuma wane ne ya fara karɓar takardar izinin tuƙi? A wannan darasi za ku karanta tarihin Karl Benz, mutumin ƙasar Jamus. Shi ne ya ƙera motar farko mai amfani da fetur wadda ta yi aiki sosai, takardarsa ce ake ɗauka a matsayin izinin tuƙi na farko a duniya, kuma kamfaninsa ne ya ƙera bas ta farko mai injin fetur.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Karl Benz ranar 25 ga Nuwamba, 1844, a Mühlburg, wadda yanzu unguwa ce a birnin Karlsruhe, a kudu maso yammacin Jamus. Mahaifinsa direban jirgin ƙasa ne. Ciwon huhu ya kama shi, ya rasu a shekarar 1846, tun Karl yana jinjiri. Mahaifiyarsa, Josephine, ba ta da dukiya, amma ta ƙudura a ranta cewa sai ɗanta ya yi ilimi mai zurfi. Ta yi ta fama har ta sa shi a makaranta.

Yaron ya nuna hazaƙa ƙwarai a fannin kimiyya. Yana da shekara 15 ya ci jarrabawar shiga babbar makarantar koyon fasaha ta Karlsruhe, inda ya karanci ilimin ƙere-ƙere. Ya kammala a shekarar 1864, yana ɗan shekara 19. Daga nan ya yi shekara bakwai yana aiki a ma'aikatu daban-daban, daga wannan gari zuwa wancan. Bai sami wurin da ya kwanta masa a rai ba, domin burinsa shi ne ya buɗe tasa ma'aikatar.

Shekarun wahala

A shekarar 1871 ya haɗa jari da wani mutum mai suna August Ritter, suka buɗe ƙaramar ma'aikatar sarrafa ƙarfe a birnin Mannheim. Tun a shekarar farko kasuwa ta ƙi, kuma abokan biyu suka kasa jituwa. A wannan hali ne budurwarsa, Bertha Ringer, ta ɗauki dukiyar da iyayenta suka tanadar mata don aure, ta sayi kason Ritter. An ɗaura musu aure ranar 20 ga Yuli, 1872, kuma Allah ya ba su 'ya'ya biyar: Eugen, Richard, Clara, Thilde da Ellen.

Ku lura da wannan: ba don taimakon Bertha ba, da ma'aikatar ta rushe tun kafin a ƙera komai a cikinta. Duk da haka, talauci bai rabu da gidan nan da nan ba. Benz ya duƙufa wajen ƙera inji na kansa, yana gwadawa yana sakewa. A daren ƙarshe na shekarar 1879 injin ya tashi a karo na farko. Da ya buƙaci ƙarin kuɗi, sai masu jari suka shigo, aka mayar da ma'aikatar kamfani a 1882. Amma kasonsa ya zama ɗan kaɗan, kuma ba a jin shawararsa. Saboda haka ya bar kamfanin a 1883. A wannan shekara ya sami sababbin abokai biyu, suka kafa wani kamfani mai suna Benz & Cie. Injinan da suke sayar wa masana'antu suka karɓu, Benz ya sami sukunin komawa ga abin da ya daɗe yana so, wato keken da zai yi tafiya ba tare da doki ba.

Motar farko

A shekarar 1885 ya gama ƙera motar. Da za ku gan ta yau, da ƙyar za ku kira ta mota. Ƙafa uku gare ta, biyu a baya, ɗaya a gaba, masu kama da na keke. Ba ta da rufi, ba ta da ƙofa. Injin yana baya, silinda ɗaya ce tak a cikinsa, ƙarfinsa bai kai na doki guda ba. Iyakar gudunta wajen kilomita 16 ne a awa. Ranar 29 ga Janairu, 1886, Benz ya nemi takardar shaidar mallakar wannan ƙirƙira, aka yi mata rajista da lamba 37435. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan rana a matsayin ranar haihuwar mota.

Takardar izini ta 1888

Ƙera mota wani abu ne, samun damar hawa hanya da ita kuma wani abu ne dabam. A wancan zamani, masu tafiya a ƙasa da dawaki da kekunan doki ne suke amfani da hanyoyin gari. Da Benz ya fara fita gwaji, sai mutanen Mannheim suka yi ta ƙorafi a kan ƙarar motar da warin hayaƙinta. Ku tuna kuma cewa dokin da bai saba da ƙarar inji ba yana iya firgita ya jawo haɗari.  Idan hukuma ta hana shi fita, to, aikin shekaru ya tashi a banza, don motar da ba a gwada ba, ba za a iya gyara kurakuranta ba, kuma babu mai sayen ta.

Benz ya nemi izini daga hukumomin ƙasar Baden, wadda Mannheim take cikinta. Ranar 1 ga Agusta, 1888, aka ba shi takarda a rubuce, wadda ta yarje masa ya riƙa gwada motarsa a kan hanyoyin jama'a a Mannheim da garuruwan da ke kewaye. Wannan takarda ce ake kira lasin tuƙi na farko a duniya. Sai dai ta bambanta da lasin da kuka sani a yau. Ba a yi wa Benz jarrabawa ba, domin babu wanda ya fi shi sanin motar balle ya jarraba shi. Amma tushen al'amarin ɗaya ne: hanya ta kowa ce, don haka duk wanda zai hau ta da abin da zai iya cutar da wasu, dole ya nemi yardar hukuma.

Tafiyar Bertha

A cikin watan nan na Agusta ne Bertha ta yi abin da ya shiga tarihi. Ta ga cewa mutane suna tsoron motar, ba su yarda za ta iya doguwar tafiya ba. Wata rana da asuba, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu, Eugen mai shekara 15 da Richard mai shekara 13, suka fita da motar ba tare da sanin maigidan ba. Suka nufi Pforzheim, garin mahaifiyarta, mai nisan kilomita kusan 106.

Babu gidan mai ko ɗaya a hanya. A garin Wiesloch ta tsaya a kantin magani ta sayi wani irin mai da ake goge tufafi da shi, ta zuba a motar. Bututun mai ya toshe, ta sa tsinken hularta ta buɗe shi. Birki ya cinye, ta sa baduku ya manna masa fata. A wurin hawan tudu kuwa, sai yaran su sauka su tura. Da duhun dare suka isa lafiya, ta buga wa mijinta waya ta sanar da shi. Bayan ta dawo, ta ba shi shawarar ya ƙara giya don hawan tudu, shi kuma ya ƙara. Gani ya kori ji: labarin tafiyar ya bazu, mutane suka fara yarda da motar.

Bas ta farko

A shekarar 1893 Benz ya fitar da mota mai ƙafa huɗu, a 1894 kuma ya fitar da wata ƙarama mai suna Velo, wadda aka ƙera fiye da dubu ɗaya. Ranar 18 ga Maris, 1895, bas ta farko mai injin fetur ta fara jigilar fasinja tsakanin garuruwan Siegen, Netphen da Deuz. Kamfanin Benz ne ya ƙera ta. Mutum takwas take ɗauka, ƙarfin injinta na doki biyar ne, wato ita ce kakar ƙananan bas-bas da kuke shiga a yau. Hanyar ba ta da kyau, motar tana yawan lalacewa, don haka aka dakatar da jigilar kafin shekarar ta ƙare. Duk da haka an gane cewa mota tana iya ɗaukar jama'a da yawa lokaci guda. A 1899 kamfanin ya ƙera motoci 572, ya zama mafi girman kamfanin motoci a duniya.

Yadda lasin ya zama doka

Da motoci suka yawaita, haɗurra ma suka yawaita. A 1893 hukumar 'yan sanda ta birnin Paris ta wajabta wa masu tuƙi riƙe takardar izini. A 1903 ƙasar Prussia, wadda ke cikin daular Jamus, ta wajabta lasin tare da jarrabawa, kuma a wannan shekara majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta tilasta wa direbobi karɓar lasin. Sannu a hankali aka raba lasin aji-aji, domin nauyin da ke kan mai ɗaukar mutum goma sha biyar ya fi na mai tuƙa kansa shi kaɗai.

Haka abin yake a Nijeriya. Kafin mutum ya sami lasin, sai ya cika shekara 18, ya koyi tuƙi a makarantar da hukuma ta amince da ita, sannan ya ci jarrabawa. Lasin mai babur dabam, na mai ƙaramar motar gida dabam, na mai ɗaukar fasinja don haya ma dabam. Saboda haka, wanda ya sayi bas, ko da don iyalinsa ne kawai, ya kamata ya tabbata cewa ajin lasin da yake riƙe da shi ya dace da motar. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, shekara ɗari cif bayan takardar Benz.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1906 Benz ya kafa wani sabon kamfani tare da 'ya'yansa a garin Ladenburg. A 1926 tsohon kamfaninsa ya haɗe da na Daimler, aka fara kiran motocinsu Mercedes-Benz, waɗanda Hausawa suke kira Marsandi. Ya rasu a Ladenburg ranar 4 ga Afrilu, 1929, yana da shekara 84. Bertha ta rayu har zuwa 1944, ta rasu tana da shekara 95. Idan lokacinku na koyon tuƙi ya yi, ku tuna cewa wanda ya ƙera motar ma sai da ya nemi izini kafin ya ci gaba da hawa hanya da ita.

Ma'anar wasu kalmomi

Jinjiri: ƙaramin yaro wanda bai daɗe da haihuwa ba.
Hazaƙa: saurin fahimta da kaifin basira.
Jari: kuɗin da ake sa wa a sana'a don a sami riba.
Duƙufa: mayar da hankali gaba ɗaya a kan aiki.
Ƙorafi: nuna rashin jin daɗi game da wani abu.
Yarje: ba da izini.
Baduku: mai sana'ar ɗinkin fata.
Jigila: kai mutane ko kaya daga wuri zuwa wuri a kai a kai.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Karl Benz, kuma mece ce sana'ar mahaifinsa?
2. Ta wace hanya Bertha ta ceci ma'aikatar Mannheim?
3. Me ya sa Benz ya buƙaci takardar izini a shekarar 1888?
4. Ku kawo bambanci ɗaya tsakanin takardar Benz da lasin tuƙi na yau.
5. Waɗanne matsaloli uku Bertha ta gamu da su a hanya, kuma yaya ta warware su?
6. Me ya sa ake raba lasin tuƙi aji-aji?

Aiki

Ku rubuta jimloli goma a kan abubuwan da ya kamata direban bas ɗin makaranta ya kiyaye domin lafiyar fasinjojinsa.