William Jones: Alƙalin da zargin tafintoci ya kai shi ga asalin harsuna

Lokacin da William Jones ya sauka a Kalkata cikin watan Satumbar 1783, aikin alƙalanci ne ya kawo shi. An naɗa shi ɗaya daga cikin alƙalan Kotun Ƙoli ta Bengal a kan albashin fam 6,000 a shekara, kuma burinsa shi ne ya tara abin da zai ishe shi, ya koma Ingila ya huta. Bai koma ba.

An haife shi a Landan ranar 28 ga Satumbar 1746. Mahaifinsa masanin lissafi ne, ya rasu yaron bai cika shekara uku ba, sai mahaifiyarsa ta ɗauki ɗawainiyar karatunsa. Ya yi makarantar Harrow, ya wuce Oxford a 1764, ya kuma ƙware a Larabci da Farisanci tun yana matashi. A 1770 ya fitar da fassarar tarihin Nadir Shah daga Farisanci zuwa Faransanci bisa roƙon Sarkin Denmark, a 1782 kuma ya mayar da Mu'allaƙat zuwa Ingilishi, wato ƙasidun nan na Jahiliyya da almajiran zaure a ƙasar Hausa suka sani ta bakin Imru'ul Ƙaisi da 'yan uwansa. Ilimi bai ciyar da shi ba, shi ya sa ya karanci shari'a. Goyon bayan da ya nuna wa Amurkawa masu neman 'yanci ya sa gwamnati ta daɗe tana jan ƙafa kafin ta ba shi muƙamin.

A kotu ya tarar da matsalar da ta hana shi sukuni. Shari'ar gado da ta aure ta mabiya addinin Hindu a rubuce take da Sanskirit, alƙalan Turawa kuwa ba su iya karanta harshen ba. Abin da malaman Hindu na kotu suka ce littafi ya faɗa, shi ne hukunci. Jones ya yi zargin cewa wasunsu na karkatar da fatawa, ga shi gonaki da dukiyar marayu sun rataya a kan maganarsu. Don haka a 1785 ya zauna gaban wani malami mai suna Ramlochan, ya fara koyon Sanskirit don ya riƙa duba nassin da idonsa.

Nan ne ya ci karo da abin da bai nema ba. Mutumin da ya tashi da Latin da Girkanci ya ga kalmomi da tsarin fi'ilan harsunan biyu suna leƙowa daga cikin harshen Indiya. Ranar 2 ga Fabrairun 1786, a gaban ƙungiyar nazarin Asiya da ya kafa shekara biyu kafin nan, ya bayyana cewa kamannin ya wuce a ce dace ne, kuma dole harsunan uku sun fito daga tushe ɗaya wanda wataƙila ya riga ya shuɗe. Ya ƙara da cewa mai yiwuwa harsunan Jamusawan dā da na Keltawa da tsohon Farisanci duk 'yan gidan ne.

Kalmar gauraya ta isa misali. Latin na cewa miscere, Girkanci meignumi, a Sanskirit kuma abin da aka cakuɗa shi ne mishra. Mutumin Lituweniya na cewa maišyti, Barashe meshat, Bafarise amikhtan. Daga ta Latin ɗin aka sami mix na Ingilishi, da mêler na Faransanci, da mezclar na Sifaniyanci. Masanan da suka biyo bayan Jones sun mayar da su duka ga saiwa guda, *meik-, kuma tauraron da ke gabanta alama ce ta cewa ba a taɓa ganinta a rubuce ba, ƙiyasi ne ya fito da ita. Hujjar ba ta tsaya ga kamannin sauti ba, domin da haka ne da mazaja ta Larabci ma ta shigo, alhali Larabci da Hausa wani dangi ne daban. Hujjar ita ce sauyin yana bin ƙa'ida: inda Sanskirit ke da sh, Latin na da k, kamar yadda goma take dasha a can, decem a nan, ɗari kuma shatam da centum.

Sai dai tarihi ya ba Jones fiye da rabonsa. Wani ɗan Holan, Marcus van Boxhorn, ya yi maganar tushe ɗaya tun ƙarni na 17, wani limamin Katolika Bafaranshe, Coeurdoux, ya aika da irin wannan kwatanci zuwa Paris a 1767, amma ba a buga shi ba sai bayan shekaru da yawa. Jones kuma ya yi kurakurai manya: ya cire Hindi daga zuriyar Sanskirit, ya kuma nemi danganta Indiyawa da Misirawa da Sinawa. Aikin tabbatarwa sai a 1816 Franz Bopp ya soma shi. Abin da Jones ya fi su shi ne muƙami da masu sauraro.

Shi kansa hankalinsa na kan shari'a. A 1788 ya shawo kan Gwamna Cornwallis a tattara dokokin Hindu da na Musulmi a kundi. Ya fassara Sirajiyya, littafin rabon gado na Hanafiyya, a 1792, da dokokin Manu a 1794. Masana da dama na ganin wannan aiki ya daskarar da fatawar da a dā take tafiya da al'adar kowane yanki, ya kuma miƙa ta hannun alƙalan mulkin mallaka.

Matarsa Anna Maria ta koma Ingila a ƙarshen 1793 saboda rashin lafiya, shi kuma ya tsaya don ya kammala kundin. Ciwon hanta ya kashe shi ranar 27 ga Afrilun 1794, yana da shekara 47, aka binne shi a maƙabartar South Park Street da ke Kalkata. Henry Colebrooke ne ya ƙarasa fassarar kundin dokokin Hindu bayan rasuwarsa.