André Citroën, mai motocin da suka ratsa Nijar a 1924

Jama'ar Adar, na gida da na ci-rani, kun san motar nan Citroën? An haifi mai ita, André Citroën, a Paris a 1878. A 1919 ya fito da motarsa ta farko. Wata ƙarama da ya ƙera a 1922 fentinta ruwan ɗorawa ne, har aka laƙaba mata sunan lemun tsami.

A Oktoba 1924 ya tura motoci 8 masu sarƙa a ƙafafun baya daga Aljeriya. Suka keta Sahara, suka biyo ta Yamai, Tasawa da Damagaram, har suka dangana da Madagaska a Yuni 1925. Shi kam bai biyo su ba.

To amma bashi ya ci shi. Sabuwar motarsa ta 1934 ta lashe kuɗinsa, kamfanin taya na Michelin ya karɓe masana'antar. Ya mutu a 1935, yana da shekara 57.

Yau masu tara tsofaffin motoci na farautar littattafan dillalai masu samfurin fenti da ƙyallen kujera, don su maido wa irin waɗannan motoci kamanninsu na asali.