Kyu Sakamoto

Kyu Sakamoto (10 ga Disamba, 1941 – 12 ga Agusta, 1985) mawaƙi ne kuma ɗan wasan fim ɗan ƙasar Japan. An fi saninsa da waƙar Ue o Muite Aruko, wadda ta yi fice a Amurka da Ingila da sunan Sukiyaki.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Kawasaki da ke yankin Kanagawa. Sunansa na yanka Hisashi. Shi ne ɗa na tara a wajen mahaifinsa, kuma harafin da ake rubuta sunan nasa da shi harafin lamba tara ne, wanda a Japananci ake iya karanta shi kyu. Daga nan sunan da ya shahara da shi ya samo asali. Ya fara waƙa tun yana matashi a ƙungiyar The Drifters a 1958, daga baya ya koma ƙungiyar Paradise King ta Danny Iida.

Waƙa da fim

A 1961 ya fitar da Ue o Muite Aruko. Rokusuke Ei ne ya rubuta baitocin, Hachidai Nakamura ya yi kiɗan. Waƙar tana magana ne a kan mutumin da kaɗaici ya dame shi yana ƙoƙarin ɓoye hawayensa. Da ta isa ƙasashen Turawa sai aka raɗa mata Sukiyaki, sunan wani abincin Japan na naman shanu, don kawai ya fi sauƙin faɗa a bakin Bature. Sunan bai da wata alaƙa da ma'anar waƙar, amma shi ya bi ta. A watan Yunin 1963 ta hau matsayi na ɗaya a jerin Billboard Hot 100 na Amurka, ta yi mako uku a can, alhali yawancin masu sayenta ba su jin ko kalma ɗaya a ciki.

A gida Japan farin jininsa ya wuce na waƙa guda. Ya fito a fim ɗin da kamfanin Nikkatsu ya shirya a 1962 mai ɗauke da sunan waƙar, ya kuma rera Ashita ga Aru sa a 1963. Sau 11 a jere ya halarci Kohaku, shirin waƙoƙin ƙarshen shekara na tashar NHK. Daga baya ya fi karkata ga gabatar da shirye-shiryen talabijin da tallafa wa masu buƙata ta musamman. Ya auri 'yar wasa Yukiko Kashiwagi a 1971, sun haifi 'ya'ya mata biyu.

Rasuwa

Ya rasu yana da shekara 43 a hatsarin jirgin Japan Airlines mai lamba 123, wanda ya tashi daga Tokyo zuwa Osaka ya faɗi a tsaunukan Gunma. Cikin mutum 524 da ke jirgin, huɗu ne kacal suka tsira.