Selman Waksman: Masanin da ya tono maganin tarin fuka daga cikin ƙasa

An haifi Selman Waksman ranar 22 ga Yulin 1888 a ƙauyen Nova Pryluka da ke ƙasar Yukren ta yau. Ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1910, ya karanci aikin gona a Jami'ar Rutgers, sannan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya a 1918.

Da ya koma Rutgers sai ya duƙufa kan nazarin ƙananan halittun da ke rayuwa cikin ƙasa, musamman yadda wasunsu ke fitar da sinadarin da ke hallaka wasu. A 1943, ɗalibinsa Albert Schatz ya tace sinadarin sitireptomaisin daga irin waɗannan halittu, wanda ya zama magani na farko da ya ci ƙarfin ƙwayar tarin fuka. Kafin nan, galibi hutu da iska mai kyau da abinci mai gina jiki ne madogarar majiyyaci.

Nasarar ta zo da rigima. A 1950 Schatz ya kai malaminsa kotu, aka sasanta bisa amincewa da cewa tare suka gano maganin. Duk da haka, Waksman kaɗai aka bai wa kyautar Nobel a 1952.

Ita ma ƙwayar cutar ba ta miƙa wuya ba. Wani gwaji da aka wallafa a Birtaniya a 1948 ya nuna cewa cikin 'yan watanni takan bijire wa maganin idan shi kaɗai aka bai wa majiyyaci. Daga nan likitoci suka koma haɗa magunguna da dama, hanyar da ta kai ga tsarin shan magani na wata 6 da ake bi yanzu.

Waksman ya rasu ranar 16 ga Agustan 1973 yana da shekara 85, amma matsalar da ta bayyana a zamaninsa tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 400,000 ke kamuwa da tarin fuka mai bijire wa magani duk shekara, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da abin ya fi ƙamari. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, sai dai wanda ya ajiye shi da zarar tari ya lafa, ya bai wa ƙwayar damar sabawa da shi, kuma iyalansa da abokan zamansa na kasuwa ko ofis ne za su fara shaƙar ta.