Kete Kolwits, Matar Likita

'Yan'uwa, a wannan wata za mu ba ku labarin wata mace ta ƙasar Jamus, sunanta Kete Kolwits. An haife ta a birnin Konigsbag a 1867. Kakanta na wajen uwa, Yuliyus Rup, fasto ne wanda aka kore shi daga ekklesiyar gwamnati domin ya ƙi yin shiru a kan abin da ya gaskata.

A 1891 ta auri wani likita, Karl Kolwits, suka zauna a unguwar matalauta cikin Barlin. Ɗakin shan magani yana cikin gidan da suke zaune, saboda haka kullum tana ganin masu zuwa: mata masu ciki, da yara marasa lafiya, da mazan da ba su da aiki. Su ne ta riƙa zanawa.

Ga yadda aikinta yake. Takan zana hoto a kan farantin tagulla, ko dutse, ko ta sassaƙa shi a kan katako, sa'an nan a shafa tawada, a danna takarda a kai. Da haka hoto ɗaya yakan zama da yawa, har talaka ma ya gan shi a jarida ko a bango. A wani ta nuna mace da ciki tsofo tana ƙwanƙwasa ƙofar likita, kanta a sunkuye. A 1903 ta yi na uwa rungume da gawar ɗanta. Ɗanta Bitrus, mai shekara bakwai, shi ya kwanta mata ta zana. Bitrus ɗin nan kuwa aka kashe shi a yaƙi a Beljiyam a 1914, yana da shekara 18.

Manya ba su ji daɗin aikinta ba. A 1898 alƙalai suka zaɓe ta domin lambar zinariya saboda hotunan tawayen masaƙa, amma Sarki Wilhem na biyu ya hana. A 1933 mutanen Hitila suka tilasta mata ta bar babbar ƙungiyar masu zane, inda ta zama mace ta fari da aka zaɓa a 1919.

Bayan yaƙin farko ta yi hoto domin masu neman a soke dokar hana zubar da ciki. A nan ba mu tare da ita, gama rai na Allah ne. Amma matar da ke cikin hoton, ga ciki, ga jariri a hannu, ga wani yaro tana ja, ga yunwa a fuska, ta ba mu kunya, domin irinta suna zaune kusa da majami'unmu.

Mijinta ya rasu a 1940, jikanta ya mutu a yaƙi a 1942, bom ya rushe gidanta a 1943. Ita kuma ta rasu ran 22 ga Afrilu, 1945, kwana 16 kafin yaƙi ya ƙare a Turai.